Ƙusar Jirgi a Tayar Kamfani

Shekara arba'in da 'yan kai ina gyaran jirgin ruwa a bakin ruwan Yelwa. Daga Yauri har Wara, idan ka ce Sahabi Kafinta, ko a nuna maka gidana ko a nuna maka jirgin da na ɗinka. A boko ban wuce aji uku ba. Abin da na sani hannuna ne ya koya mini: duk inda ruwa yake shiga, na san yadda zan hana shi. Wannan sanin ne ya kusa kashe mini ɗa, da Allah Ya tsare kuma ya kusa raba shi da abincinsa.

Ɗana na fari direba ne a wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan gari. Zulkiflu ake ce masa. Na rubuta sunan ne don takarda ba ta da ido, amma a baki ban taɓa kiransa ba. Haka muka taso muka tarar. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da shi. In ina da magana sai in ce da uwarsa, Asma'u, "Ki hwaɗa ma yaron nan kaza." Shi ma in yana da tasa, ta wurin Innarsa take biyowa. Gida ɗaya muke, da matarsa da 'ya'yansa uku, amma sai mu yi wata ba abin da ya haɗa mu sai gaisuwar safe.

Shekara shida ya yi yana haya da babur kafin Allah Ya haɗa shi da aikin nan. Ni kuwa aikin jirgi ya ja baya, ido ma ya fara gardama. Ban taɓa faɗa da baki ba, amma kowa a gidan ya san tukunyarmu da sitiyarin yaron nan take tafasa.

Motar da suka ba shi farar a-kori-kura ce mai gida biyu. Ran Asabar yakan zo da ita gida, don ran Litinin da sassafe suke fita ƙauyuka sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Akwai takardar da ya sa wa hannu: ba mai tuƙa ta sai shi, ba mai taɓa ta, in taya ta yi faci kuma sai a kai wa Benjamin, mai facin da ke bakin titi, wanda kamfanin ke aiki da shi. Na ji Asma'u tana faɗin haka, na ɗauke shi irin dokokin 'yan boko da suke yi don takarda ta cika.

Sau biyu yana aiko uwarsa ta ce mini in taimaka in kwashe tsofaffin katakan jirgi da na jingine a ƙofar gida, don suna da ƙusoshi. Sau biyu ina cewa to.

Wata Lahadi da safe ya kwashi iyalinsa suka shiga jirgi zuwa Wara, suna ake yi a gidan surukansa. Bayan na sha kunu na fito, sai na ga motar ta ɗan karkace kamar jakin da ya gaji. Tayar gaba ta hannun dama ta zauna ƙasa. Na durƙusa na duba. Katako ɗaya ya zame daga bango, ƙusar da ke jikinsa ta shige gefen tayar, can sama da inda take taka ƙasa. Ƙusata ce, mai inci huɗu, irin wadda nake ɗinka ƙasan jirgi da ita.

Na daɗe a durƙushe ina lissafin duniya. In ya dawo ya gani, ba zai ce komai ba, kuma shirun nan ya fi mini zagi ciwo. Zai ɗaura safaya, ya kai wa Benjamin, a tambaye shi a ina ya taka ƙusa, ya ce a ƙofar gidan ubansa. Na dubi ramin. Bai kai ƙwayar masara ba. Na ce a raina, ni da na toshe jirgin da ke ɗaukar mutum hamsin da buhunan albasa ya ƙetare Kainji ƙafar kowa a bushe, wannan ɗan ramin ne zai gagare ni?

Na hura gawayi na ɗora kwalta. Na zare ƙusar da filaya. Sai na sa basilla a wuta har ta yi ja, na zura ta cikin ramin na juya, don haka muke yi wa katako: in ka ƙona bakin rami, ba ya tsagewa. Na yanko siririyar roba daga tsohon tif ɗin keke, na murɗe ta da zaren auduga, na tsoma cikin kwalta mai zafi, na cusa da ƙarfen cusawa ina bugawa da guduma a hankali har ta zauna daram. Na aske abin da ya yi saura, na shafe wurin da garin gawayi. Famfon ƙafa na aro wurin maƙwabci, na yi ta takawa har gwiwata ta yi kuka. Da tayar ta miƙe na zuba ruwan sabulu na zuba ido. Ko kumfa ɗaya bai taso ba.

Wallahi na ji daɗin aikin nan. Ban ɓoye muku ba.

A ranar na kwashe katakan duka na kai bayan gida. Asma'u ta leƙo ta ce, "Ikon Allah. Yau kuma wa ya mutu?"

Na ce, "Ke dai ki ji da tukunyarki."

Ya zo mini a rai in ce ta gaya masa. To amma me za ta gaya masa? Ta ce ubanka ya ɓata maka taya, ko ta ce ubanka ya yini a durƙushe yana yi maka hidima? Duka biyun ba maganar da ke fita daga bakina ba ce.

Litinin bayan sallar asuba na ji ya tada mota ya tafi. Na sauka bakin ruwa na kama aikina.

Wajen la'asar ina ƙarƙashin wani jirgi da muka kife, sai na ji ana cewa, "Kafinta, ga iyalinka." Asma'u ba ta taɓa takowa wurin aikina ba tun da aka kawo ta. Ga ta nan tsaye, mayafi a karkace, takalmi ƙafa ɗaya.

Ta ce, "Motar yaron nan ta hwaɗi. Suna asibiti."

Ban san yadda na isa ba. Na same shi zaune a kan benci, an naɗe masa goshi, gaban rigarsa duk jini, amma idonsa biyu, hannu da ƙafa duk suna motsi. Na jingina da bango. A gadon da ke kusa akwai Madam Esther, manajar kamfanin, 'yar Zuru ce, mace mai kazar-kazar da manoma ke tsoron sikelinta don ba ya ƙarya. Wuyan hannunta na dama ya karye wuri biyu.

Ita ce ta ba mu labari, tana cije leɓe. Daga wajen Shanga suke, mota cike da buhuna, titi ya yi zafi kamar kasko. Sai suka ji wata ƙara kamar harbin bindiga, mota ta fizge ta yi hannun dama. A daidai wurin akwai matan Fulani biyar a jere bakin hanya, ƙoren nono a ka, suna dawowa daga kasuwa.

Ta ce, "Ni na riga na rufe ido, Baba. Ban san yadda ya yi ba. Ya dai riƙe ta har muka wuce ta ƙarshensu, sannan ya bar ta ta gangara cikin fadama ta kwanta a gefe."

Mutane suna ta barka da arziki. Ni kuwa bakina ya riga ni, na tambayi ɗakin gaba ɗaya, "Wace taya ce?"

Yaron nan ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya mai da ido ƙasa. Ya ce, "Ta gaba, hannun dama, Baba."

Washegari Asma'u ta shigo mini da tuwo da sauran labari. Jami'an kula da haɗurra sun je wurin sun ɗauki hotuna, an janyo motar, tayar kuma tana rumfar Benjamin. An ga facin da wani ya yi a gefenta. Mai kamfanin, wani Alhaji da ke zaune a birni, ya bugo waya yana ta faɗa. Ran Alhamis mutumin inshora zai zo ya duba. In ta tabbata direba ne ya yi facin da kansa, ya karya takardar da ya sa wa hannu, masu inshora za su iya cewa babu ruwansu, shi kuma ya ajiye makulli.

Na ce, "Shi mi ya ce?"

"Sun tambaye shi wa ya yi, ya ce mota hannunshi take. Sun sake tambaya, ya ce mota hannunshi take. Daga nan ko da adda ba ka ɓamɓare bakinshi. Ka san halin, ba daga wurina ya ɗauko ba."

Ta ajiye ruwan wanke hannu, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya ba ta juyo ba.

"Sun ce facin warin kwalta shika yi. Gidan ga dai mutum guda ka aiki da kwalta."

Tuwon nan ban ci shi ba.

Ni mutum ne da ya ga duniya. Na yi ciniki da Sarkawa da Nufawa da Yarabawa masu sayen kifi, na shiga ofisoshi da yawa da hula a hannu na fito da abin da na je nema. A sanina babu ƙofar da ba ta da ta baya. Don haka ran Laraba da hantsi na nufi rumfar Benjamin da dabarata a aljihu.

Benjamin Bakambare ne daga wajen Ngaski, ya kusa hamsin, baki gare shi kamar reza. Ni na ɗinka wa ubansa jirgi tun yana yawo ba wando. Yana hango ni ya kashe injin iska.

"A'a! Yau kifi ya hito tudu. Baba Sahabi, ko jirgin naka ya yi faci?"

Na ce, "Ɗan arna, ba ka gaida manya?"

"Ina gaida manya, ban da masu ƙwace mani sana'a." Ya jawo mini benci ya kaɗe shi da tsumma. "Zauna, injiniya."

Na zauna. Ya shiga ciki ya mirgino tayar. Gefenta ya yage kamar bakin kada, tsawon tafin hannu biyu, ga ɗan facina nan maƙale a leɓen yagar, bai ko motsa ba.

Na ce, "Ka gani? Facin bai fita ba."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Bai hita ba, Baba. Taya ce ta hita ta bar shi."

Sai ya buɗe yagar da hannu biyu ya ce in duba ciki. Na ga wasu zarurruka a jere cikin robar, kamar saƙar taru. Kewaye da inda na zura basilla duk sun ƙone sun tsinke.

Ya ce, "Waɗanga su ka riƙe da mota, ba robar ba. Nan ƙasa inda taya ka taka titi, akwai kauri, akwai waya. In ƙusa ta shiga nan, sai in cire tayar daga kan ƙarfenta, in duba cikinta da idona, in liƙe ta daga ciki. Amma gefe? Gefe lanƙwasa shika yi duk juyi guda, ya miƙe, ya lanƙwasa, tun daga nan har Shanga. Katakonka zaune yake wuri guda, Baba, wagga kuwa numfashi takai. Ni da na shekara talatin ga aikin ga, ba ni facin gefe. Ko Innata ta kawo, sai in ce ta sayi wata."

Na zuba ido ina kallon zarurrukan da na ƙona da hannuna, ina jin daɗin aikin a lokacin.

Can na matsa kusa da shi na rage murya. Na nuna masa tulin fasassun tayoyin da ke bayan rumfa. Na ce, "Benjamin, cikin waɗancan ba a rasa mai girman wagga. Mai inshora daga birni za shi zo, da takalmi mai ƙyalli. Ina ya san wata taya da wata? Ka ɗora mai wadda ta fashe don kanta. Wagga kuma ruwa na da zurfi."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa kamar an ɗauke wuta.

"Baba, kowace taya da lambarta, kuma an ɗauki hoto tun bakin hanya. Amma bar wannan. Ko ba a ɗauka ba, ba ni yi. Yanzu abin da ke ƙasa kuskure ne, tsoho ya yi abin da bai sani ba. In munka musanya ya zama zamba. Ni gidan yari, kai gidan yari, Zulkiflu da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ma gidan yari. Wa za shi kai muna tuwo?"

Na ce, "Ashe haka abin yake."

"Haka yake. Kuma ka san ni anka hwara tuhuma? Alhaji ya bugo ya ce ko aikina ne. Na ce a'a. Ya ce na wa ne? Na ce ban ga mai yi ba. Gaskiya na hwaɗi, ban gani ba. Amma ɗinkin ga ko cikin barci anka sa mani shi ga hanci na san hannun. Kar ka bari su sa ni rantsuwa gobe, Baba."

"To mi ka gani?"

"Ka tahi da ƙahwarka ka hwaɗi."

"In sunka kira 'yan sanda fa?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Suna iyawa. An ji ciwo, mota ta lalace. To amma kai ka ci zamaninka har ka taɓa na wasu. Shi ke da ɗiya ukku."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Na tashi. Ya bi ni da murya, "In sun ɗaure ka ni ka kawo maka goro!"

Ran Alhamis na sa rigar Juma'a. Kafin in fita na ɗauki wani ɗan buhu na zuba basillar da ƙarfen cusawa da ragowar tif ɗin keken da zaren audugar. Na san mutanen ofis. Magana ba ta isarsu.

Injin casa na ta ruri, ƙaiƙayi na tashi, na ratsa na shiga ofishin manaja. Madam Esther na zaune, hannu rataye a wuya. Yaron nan na tsaye jikin bango. Benjamin na durƙushe kusa da tayar, ga kuma mutumin inshora, matashi mai tabarau, da Hausar Kano a bakinsa, yana rubutu.

Na yi sallama na ce, "Ni ne uban direba. Facin da kuke dubawa ni na yi shi, ran Lahadi, shi yana Wara. Bai sani ba."

Mai tabarau ya ajiye biro ya yi ɗan murmushi irin na ladabi. Ya ce, "Baba, Allah Ya saka da alheri. Amma mun saba ganin haka. Yaro ya yi ɓarna, uba ya zo ya ɗauka don ya san ba za a taɓa tsoho ba."

Na ce, "Madalla. To ba ka zare facin ba tukuna ko?"

Ya ce bai zare ba.

"In ka zare, ka warware. Za ka ga robar ja ce, ba baƙa ba. Zaren auduga sili uku ne, an murɗe su ta hagu, don ni bahago ne. A ƙarshen ciki akwai ƙulli guda."

Ya dubi Benjamin. Benjamin ya sa filaya ya zaro, ya kankare kwaltar da wuƙa, ya warware a kan teburin. Ja ce. Sili uku. Ga ƙullin. Na zazzage buhuna, na miƙa masa ragowar tif ɗin, ya haɗa bakin yankan biyu suka zauna kamar leɓe da leɓe.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya wurin yaron nan. "Da safen nan ka duba tayoyi kafin ka fita?"

"Na duba. Iska cike take."

"Ba ka ga faci ba?"

Na ce, "Na shafe shi da gawayi, kuma gari bai gama wayewa ba."

"Yaushe ka san aikin mahaifinka ne?"

"Bakin hanya, da na ga tayar."

"Me ya hana ka faɗa?"

Madam Esther ta ce, "Malam, ubansa ne."

Mai tabarau ya juyo kaina. "Kai kuma Baba, ka yi gyara a motar da ɗanka zai tuƙa da mutane a ciki. Me ya sa ba ka gaya masa ba?"

Na ce, "Ba mu magana."

"Subhanallahi. Faɗa kuka yi?"

Benjamin ya tuntsire da dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan hwari ne. Kunya ce. Shekara talatin da huɗu suna gida guda, wanga bai san muryar wancan ba."

Mai tabarau ya cire tabaran ya goge. Ya ce shi ma kakansa haka ya yi da babansa, amma su ba su haɗa da taya ba. Ya yi rubutu mai tsawo, ya karanta mini, na dangwala yatsa. Ya ce hukunci ba a hannunsa yake ba, zai kai abin da ya gani. Amma direba bai sani ba, kamfani bai sani ba, wannan yana da nauyi a wurinsu. Da ya tashi tafiya ya tsaya a gabana ya ce, "Baba, da matan nan biyar ya hau, yau ba ni ne zan yi maka tambaya ba."

Na ce na sani.

Da suka fita ya rage ni da yaron nan da Madam Esther. Ta dube ni, babu wasa a fuskarta.

"Baba, yarana biyu, ubansu ya rasu. Da hannun nan nake rubutu, da shi nake auna shinkafa, da shi nake yi musu tuwo. Likita ya ce bai yi mini alkawarin zai koma yadda yake ba."

Ban san lokacin da na kai gwiwa ƙasa ba. A shekaru na haife ta, amma na durƙusa. Na ce, "Ɗiyata, ni na karya ki, ba shi ba. Abin da za a yi, a yi mani. Shi a bar mai abincinshi."

Ta ce, "Tashi, Baba, don Allah tashi, kada ka ja mini wani abin." Ta ɗauki waya da hannun hagu ta ce mu jira a waje, za ta kira Alhaji.

Muka zauna a bencin baranda, ni a wannan ƙarshe, shi a wancan. Ta tagar muna jin muryarta tana hawa tana sauka, injin casa kuma ya hana mu jin abin da take faɗa. Har aka kira azahar ba ta fito ba. Muka je muka yi salla a masallacin ma'aikata muka dawo, tana nan tana yi.

Da ta fito ta zauna a kan wani buhu, ta share gumi.

Ta ce, "Alhaji ya so a sallame shi. Ya ce motarsa a hannunsa ta lalace, kuma an tambaye shi ya ɓoye. Na ce Alhaji, ina cikin motar nan, kai kana birni. Direban da taya ta fashe masa da kaya cike, ya tsallake mutum biyar, ka nemo mini irinsa kafin ka kore shi. Mun ja sosai." Ta dubi yaron nan. "Sati biyu za ka yi a gida, goshinka ya warke, ka dawo. Mota ba za ta ƙara kwana a waje ba, nan za ka riƙa zuwa ka ɗauka. Kuma ka ji da kyau, in aka sake tambayarka abu ka rufe mini baki, ko kakanka ne ya yi, ni zan kore ka da kaina."

Ya ce, "Na gode, Madam."

"Kai kuma Baba, ya ce tunda ka zo da ƙafarka, ba zai kai maganar gaba ba."

Na dai ɗaga hannu biyu ina jinjina mata kamar wani bafade.

Bayan sati biyu ya koma aiki, kuma har yau yana can. Maganar inshora ta yi wata huɗu ana kai da komo, a aiko takarda a mayar da takarda. Daga baya na ga motar ta fito daga gareji tana sheƙi. Yadda suka ƙare tsakaninsu ban tambaya ba, ba na cikin masu bakin tambaya.

Hannun Madam Esther ne bai koma daidai ba. Yana aiki, amma ba ya lanƙwasa sosai, kuma in hadari ya haɗu yakan yi mata tsami. Ta koyi sa hannu da hagu. Abin ya tsaya mini a rai, har wata rana bayan sallar asuba na tare liman na tambaye shi ko ya halatta in riƙa roƙa wa wadda ba Musulma ba lafiya. Ya ce in roƙa, babu laifi. Tun daga ranar ban fasa ba.

Kwanan baya na haɗu da ita a kasuwa tana cinikin busasshen kifi, na gaya mata roƙon da nake yi mata. Ta miƙa wa mai kifi kwandonta, ta ɗaga hannun ta jujjuya shi a gabana iyakar inda yake kaiwa.

Ta ce, "To ka ƙara ƙoƙari, Baba. Saura kaɗan ya iya tuƙa tuwo."